Yadda Na Kai Akwatin Hamma Bello Ƙasar Sin

Tun da na dawo ban huta ba. A ƙofar masallaci a tare ni, wajen mai shayi a tare ni, har mai keken da ya ɗauko ni daga Ɗan Iya zuwa Wunti rannan sai da ya rage gudu ya waiwayo ya ce, "Oga Ɗahiru, wai da gaske ne ka kashe wa 'yan Caina wuta?" Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishirin kafin ya kai wa na gaba. Don haka ga shi na zauna na rubuta. Amsar mai keke dai ita ce e, na kashe, amma ku bari in iso wurin a hankali.

Ni gidan gem nake da shi a Wunti, nan cikin Bauchi, inda samari ke zuwa su buga ƙwallo a talabijin. Shagon yayana, Hamma Bello, yana jikin nawa. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma talabijin, da na'urorin gem suka shigo gari kuwa duk wadda ta mutu wurinsa ake kai ta. Matsalarmu kowa ya san ta. Ana tsakiyar wasa, mutum yana cin abokinsa biyu da nema, sai a ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareto komai ya goge. Wannan ya ce shi ke ci, wancan ya rantse yana gab da farkewa, sai ka ga an kama kwalar juna. Faɗan da na raba a shagon nan, da alƙali ne ni da tuni na yi ritaya.

Wannan ne ya sa Hamma ya shafe shekaru yana haɗa tasa na'urar, da kayan da yake cirowa daga matattun da aka bar masa. Akwatin ƙarfe ne, wani mai walda a Fadaman Mada ya lanƙwasa masa, an liƙa raga a kowace kafa saboda kyankyasai, don su ne ke shiga neman ɗumi su haɗa waya da waya. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba shi da kyau, hotonsa ma bai kama ƙafar na manyan kamfanoni ba. Amma yana da abu ɗaya. In aka ɗauke wuta, akwai 'yar wutar da yake ɓoyewa ta numfashi guda, da ita yake adana wasan. In wuta ta dawo sai ka tarar da ƙwallo a sama, daidai inda ta tsaya.

Guda ɗaya ne tak a duniya. Hamma yana gama shi ciwon suga ya sauka a idanunsa. Yanzu gilashi biyu yake ɗorawa, ɗaya kan ɗaya, duk da haka ba ya ganin ƙafafun 'yan ƙananan baƙaƙen nan da masu gyara ke kira ayisi. Ba zai iya haɗa na biyu ba, ko na farkon ne ya lalace ba zai iya gyara shi ba. Sai Allah ya sa Mamman, wani ɗan Damagaram da ke zaune a birnin Gwanzu na ƙasar Sin yana turo mana kayan gyara, ya ga bidiyon akwatin. Ya ce akwai baje kolin ƙananan masu ƙera na'urorin gem da ba su fito kasuwa ba tukuna, masu masana'antu suna zuwa farauta, zai iya samo mana rabin tebur. Aikena ke nan: in samo masana'antar da za ta yarda ta buga irinsa, in kuma dawo wa Hamma da abinsa yana aiki.

Ranar tafiya Hamma ya rako ni tasha, yana dafe da kafaɗata. Ya ce, "Ɗahiru, kada ka bari kowa ya kwance shi ba ka tsaye a wurin." Na ce, "Hamma, ko wanka da shi zan shiga."

Yaran tasha suka ce a sa akwatin a but, na ce sai dai ni a sa ni. Ƙarshe kujera na kama masa a gefena, na naɗe shi da bargo. Wata dattijuwa da za ta sauka a Ningi ta yi ta satar kallonsa, can haƙurinta ya ƙare ta ce, "Ɗan nan, mara lafiya ne?" Na ce, "Lafiyarsa lau, Inna, ƙasar waje ma za shi." Ta ce to Allah ya kai shi lafiya, ta ɓallo goro ta ba ni. Direba kuwa mun sha rigima da shi, don duk ramin da ya faɗa a ƙirjina nake ji. Kafin mu shiga Kano ya daina amsa min magana.

A filin jirgi, akwatin yana shiga na'urar leƙen kaya sai na ga fuskoki sun canza. Ƙarfe, wayoyi, batura, ga ni kuma ina zufa. Aka ja ni gefe aka ce in kunna. Na jona ƙaramin talabijin ɗin da na taho da shi, na miƙa wa jami'in abin riƙewa, wanda yara ke ce wa fad. Wai zai gwada ne kawai. Na zura masa uku. Ya gyara tsayuwa ya ce ai bai shirya ba, a sake. Sai da aka fara kiran masu jirginmu sannan na bar shi ya ci ɗaya, ya sallame ni yana murmushi.

Ban taɓa hawa jirgi ba, kuma ba na jin kunyar faɗa: da ya ɗaga, duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. A Addis Ababa muka sauya jirgi, a nan na haɗu da wata Hajiya 'yar kasuwar atamfa, wadda zuwa Gwanzu ya zame mata kamar zuwa unguwa. Ta shinshina jakata ta ce, "Kilishi ne? Ka cinye shi tun a nan, ƙanena." Na ce haba Hajiya, na naɗe shi cikin riguna, wa zai gani. Ta ce to.

Ai kuwa muna sauka, wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da 'yar riga kamar ma'aikaci, ya wuce mutum ɗari ya zo ya zauna gaban jakata. Suka zazzage, suka ɗauke kilishin nan kaf, cikin ladabi, har da ba ni takarda. Akwatin ƙarfen da nake ta fargaba a kansa kuwa ko kallo na biyu ba su yi masa ba. Hajiya ta wuce ni tana jan jakarta, gira kawai ta ɗaga min.

Mamman yana jirana a waje. Gajere ne, mai yawan dariya, in yana yaren Sin sai ka rantse faɗa yake yi. Ya kai ni masauki a wani bene mai tsawon da in ka leƙa ƙasa sai jiri ya ɗebe ka. Ɗakin kuwa in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Ba buta a bayi, sai da na yanka robar ruwa na yi tawa. Ina ajiye jaka na fito da waya da tocila da duk abin da ke cin caji na jojjona su. Mamman ya ce me nake yi haka da sauri. Na ce kafin a ɗauke mana. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce duk shekarunsa a garin nan bai taɓa ganin an ɗauke wuta ba. Ban yarda ba, na bar su a jone.

Abinci ne na ɗauka zai ba ni wuya, sai ga shi a ƙasan benen akwai shagon wani Basine Musulmi, da farar hularsa. Na yi masa sallama ya amsa tiryan-tiryan, daga nan kuma ba mai jin wani. A gabanka zai ja ƙullun fulawa da hannu, ya naɗe, ya sake ja, sai ga taliya ta fito siririya, ya jefa a romon naman sa. Daɗi kamar me. Tsinken cin abincinsu ne ya gagare ni. Na kama da hannu ɗaya, na kama da hannu biyu, taliya tana zamewa. Ƙarshe na tashi na wanke hannu na ci abincina yadda uwata ta koya min, yaran shagon suna leƙena suna dariya.

Al'adunsu kuwa sai a hankali. Ruwan zafi suke sha tsura, ko rana ta kai yaya. In an zuba maka shayi ba ka cewa an gode, tebur za ka ƙwanƙwasa da yatsu biyu. In za su ba ka katin suna sai da hannu biyu, kai ma ka karɓa da biyu ka tsaya ka duba shi, ko da ba ka iya karantawa. Gaisuwa kuwa babu. Kafin mu a nan mu gama tambayar iyali da gajiya da ya aka ji da jama'a, su sun gama ciniki sun tafi.

Ranar da muka shiga zauren baje kolin na tsaya a ƙofa baki buɗe, sai da Mamman ya ja ni. Fitilu, ƙara, allunan talabijin kamar bangon ɗaki, ko'ina wani yana nuna abin da duniya ba ta gani ba tukuna. Ni da na shekara goma ina goge tsofaffin na'urori da tsumma, yau ga ni a inda ake haifarsu. Wallahi ji na yi kamar in yi ta tsalle.

Rabin teburinmu yana tsakanin mutane biyu. A hagu akwai wata injiniya, Madam Lin, siririya mai gajeren gashi, ba ta cika murmushi ba. Na'urarta babba ce, ta kusa kai ƙaramin firji. Da ta kunna ƙwallo na matsa kusa, sai na ga zufa tana gangarowa a goshin ɗan wasa, na ga ciyawa tana kwantawa in an taka ta. Na ce wa Mamman ya tambaye ta mene ne ya fi ba ta wahala. Ta ce zafi. Ƙwaƙwalwar na'urar ba ta fi farcen babban yatsa ba, amma zafin da take fitarwa sai ka soya ƙwai a kai. In ta sa babbar fanka, masu saye su ce ƙara ta dame su. In ta sa ƙarama, na'urar ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Sai ta bi ciki da bututun jan ƙarfe mai ruwa, zafi ya sauka, amma akwati ya kumbura har ba ya shiga ƙarƙashin talabijin. Ga shi masu ƙera irin wannan ƙwaƙwalwa 'yan kaɗan ne a duniya, sai manyan kamfanoni sun ɗiba sun ƙoshi kafin a waiwayi irinta.

A dama wasu samari biyu ne da tasu ta riƙewa a hannu, allo da fad duk a haɗe. Su batir ne ciwon kansu. In suka ƙara mata ƙarfi, kafin ka gama wasa biyu ta mutu. In suka ƙara girman batir, ta yi nauyi wuyan hannu ya gaji. Zafin ma bai bar su ba, don a tafin hannunka yake sauka, sai da suka tura duk abin da ke ɗumi zuwa tsakiya inda yatsa ba ya kaiwa. Na karɓa in gwada, sai da suka roƙe ni na mayar musu.

Wani kuma da ke fuskantarmu, tasa ba ta fi sabulun wanka ba, kuma kusan ba komai a cikinta. Wai wasan yana can a wata babbar kwamfuta a wani gari, in ka danna sai saƙo ya je ya dawo ta intanet. Ba zafi, ba nauyi, ba tsada, amma in saƙon ya yi jinkirin ƙiftawar ido an zura maka ƙwallo. Na tuna yadda muke fita tsakiyar titi a Wunti muna ɗaga waya sama don hoto ɗaya ya tafi. Na ce Mamman ya gaya masa, a garinmu kafin ɗan wasa ya buga, alƙalin wasa ya isa gida ya ci tuwo. Mutumin ya yi dariya ya ce ya sani, shi ma abin da ke damunsa ke nan. Kowa ka tambaya a zauren nan, abin da ya gyara ne ya ɓata masa wani abin.

Mu kuwa ba mai tsayawa. Su zo, su kalli akwatin ƙarfe da ragarsa, su ɗauki hoto, su wuce. Abin ya fara cin raina. Washegari da hantsi wasu masu masana'antu, duk cikin kwat, suka taru gaban Madam Lin, suka yi yawa har suka malalo gaban teburina. Na ce yau ce ranar.

Ku da ke nan kun san yadda muke gwada kaya. In Hamma ya gyara abu, ba maɓalli ake dannawa ba, don wutar garinmu ba ta sallama in za ta tafi. Fizge filogi ake yi daga bango, a ga ko abin zai rayu. Haka na saba nuna akwatin nan ga kowa. Na ba Mamman fad na ce ya buga daga nesa. Ƙwallo ta tashi sama, na tafa hannu don a juyo, na sunkuya ƙarƙashin tebur, na kama waya mafi kauri da ta fito daga ƙasa, na fizge. Ban san duk layinmu daga ita yake shan wuta ba.

Babban allon Madam Lin ya yi baƙi. Na mayar da filogi da sauri. Namu ya farka, ƙwallo tana nan a sama, ta gangaro ta faɗa raga. Na ɗaga hannu biyu ina jiran tafi. Ba wanda ya kalle ni. Kowa nata yake kallo, wanda ya tsaya cik yana nuna wasu jajayen rubuce-rubuce. Ashe lokacin da na fizge, na'urarta tana tsakiyar rubuta wani abu a cikinta, kuma ita ma guda ɗaya ta zo da ita. Masu kwat suka ɗan jira, suka duba agogo, suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Na kalli fuskar matar nan, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na zagaya gabanta na durƙusa har ƙasa, yadda muke yi wa manya in mun yi laifi. Ta yi baya da sauri, ta ɗauka faɗuwa na yi, sai da Mamman ya yi mata bayani. Ita da abokan aikinta suka jona kwamfuta suka duƙufa, ni kuma na tsaya a gefe ina haska musu tocilar da ba wanda ya nema. Sai bayan la'asar na'urar ta farfaɗo.

Ina tattara kayana sai ga ta tsaye a kaina. Mamman ya ce, "Wai ka sake yi. Amma naka kaɗai." Na sake, ta ce in ƙara, na ƙara. Ta tambaya sau nawa ake ɗauke wuta a garinmu, na ce ya gaya mata ƙirga sau nawa ake kawowa ya fi sauƙi. Ta ce su suna jefar da na'ura ƙasa, su gasa ta, su daskarar da ita, amma wannan gwajin sun bar shi sai can ƙarshe, don ba wanda ya taɓa tsammanin za a yi musu shi a gaban baƙi. Sannan ta karɓi tocilata ta leƙa ta raga, ta ba ni nawa kason. Ga wayar wuta tsirara kusa da jikin ƙarfe, za ta iya kashe yaro. Fanka tana hura bango, ba inda zafin yake ba. A haka ba ƙasar da za ta bari a sayar da shi. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan rama, na tuna ba ni da bakin magana, kuma gaskiya ta faɗa. Ta ciro kati, ta rubuta sunan masana'antar da ke buga mata nata kayan a bayansa, ta miƙo da hannu biyu. Na karɓa da biyu.

Masana'antar tana wani gari kusa, a jirgin ƙasa mai gudun tsiya muka je. Aka sa mana fararen riguna da huluna kamar masu shiga tiyata. Na ga injuna suna tsintar ƙananan kaya suna dasawa a kan fanel, wato faifan da komai na na'ura ke zaune a kai, kamar kaji suna tsattsagar gero. Na ce a raina, a nan abin da ya ci wa Hamma shekaru ba zai kai shan shayi ba. Mai wurin dattijo ne, ba ya rabuwa da fulas ɗinsa. Madam Lin ta riga ta yi masa waya. A gabana suka kwance akwatin, ina tsaye kamar yadda aka umarce ni. Ya sa fanel ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya duba, ya yi 'yar dariya, sannan ya daina. Ya juyo min da allon da ke jone da madubin. Duk wani ayisi da ke kai, fuskarsa fari fat. An goge lambobinsu da samfefa.

Na sani, kuma ban taɓa kawo shi a raina a matsayin matsala ba, don kowane mai gyara a garinmu haka yake yi. In ka ƙirƙiro dabara, gobe maƙwabcinka zai buɗe ya kwafe lambobin, jibi ya yi irinta. Hamma kuwa saboda mutum ɗaya ya goge nasa, Malam Iliya, wanda shagonsa ke fuskantar namu. Wurin maigida ɗaya suka koyi aiki, suna gaisawa kullum, suna zuwa sunan juna, amma an yi shekaru ba wanda ya taka cikin shagon wani. Mamman ya fassara wa dattijon. Ya gyaɗa kai ya ce su ma 'yan kasuwarsu suna yi, ya gane. Amma shi ba zai iya sayo abin da ba shi da suna ba.

Na kira gida a bidiyo. A Sin yamma ta yi, a gida kuwa safiya ce, Hamma bai fita ba. Matarsa Adda Dija ta riƙe masa wayar. Ya ɗora gilasansa biyu, ya kawo hanci har jikin allo, na ga dai ba ya ganin komai. Sai na koma kwatance. "Na kusa da fanka, mai ƙafa takwas." Ya faɗi lamba, aka rubuta. "Na ƙarƙashinsa, dogo." Ya faɗa. Muka yi ta tafiya haka, zuciyata tana sanyi, har muka iso lungun da ke riƙe wutar nan ta numfashi guda. Guda uku ne a wurin. Hamma ya kasa tuno lambobinsu. Ya ce daga wata baƙuwar na'ura ya ciro su tun da daɗewa, lokacin yana gani, in ya manta sai ya kalli ƙafafunsu ya tuna. Ya ce, "Sun ɓace min, Ɗahiru."

Dattijon ya ce akwai hanya ɗaya. A ciro su, a narkar da baƙar rigarsu da ruwan asid, a karanta sunan da ke can ciki. Amma daga nan sun mutu, akwatin ma ya mutu tare da su. Kuma ba zai yi alkawarin ana ƙera irinsu har yanzu ba.

Na ce a'a tun kafin Mamman ya rufe baki. Hamma ya ji muryata ya ce, "Me ya ce?" Na gaya masa. Na ce, "Hamma, bari in dawo maka da shi. Ko ba komai yana aiki, muna da shi."

Ina jiyo ƙarar keke yana wucewa ta ƙofar gidansa. Hamma ya ce, "Muna da shi har yaushe? Ran da ya tsaya, wa zai gyara? Ni?"

"Hamma, in suka fasa ba a samu irinsu ba fa?"

"To an fasa ke nan. Ka ce su yi. Ka dai tsaya a kansu." Ya cire gilasan ya ce, "Dija, karɓi wayar nan."

Na tsaya a kansu, ina kallo aka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Hawaye suka zubo min a gaban mutane, ban ma goge ba. Biyu an same su a kasuwa. Na ukun an daina yin sa, dattijon ya ce zai gwada wani mai kama da shi, ya gyara wayar da Madam Lin ta nuna, in ya yi zai aiko, in bai yi ba zai faɗa.

Haka na dawo da akwati ba komai a ciki. A motar Kano zuwa Bauchi a cinya na ɗora shi. Da na miƙa wa Hamma ya ɗaga shi ya ji rashin nauyinsa, ya tura shi ƙarƙashin tebur, ya ce ya hanya. Makonni suka yi ta wucewa bai sake ambatarsa ba, ni ma na kasa. Ban taɓa jin nauyin zama kusa da ɗan'uwana irin na lokacin nan ba.

Ranar wata Laraba da hantsi saƙon Mamman ya iso cikin kayan wani ɗan kasuwa. Na yage kwalin da haƙori. Fanel ne sabo, kore shar, komai a jere. Na ruga shagon Hamma na sa masa a hannu. Ya shafa shi, ya juya, ya kai shi kusa da ido.

Ya ce, "Akwai rubutu a kansu?"

Na ce, "Kowanne da lambarsa, Hamma. In ɗauko samfefa?"

Ya ce, "Bar ta. Je ka kira min Iliya."

Malam Iliya ya tsallako titi yana goge hannu a riga, ya tsaya a bakin ƙofa. Hamma ya ce, "Shigo mana, Iliya. Zauna nan kan kujerata. Karanta min, ɗaya bayan ɗaya." Ya zauna a ɗarare, ya ɗauki madubi, ya fara karantawa da ƙarfi. Sauran masu gyara na layin suka taru a ƙofa, ba wanda ya kore su. Da ya iso lungun nan ya faɗi lambar farko, Hamma ya buga cinya ya ce, "Ashe ita ce." Da aka gama Hamma ya lalubo ƙarfen liƙi ya miƙa wa Malam Iliya ta wajen mariƙi.

Malam Iliya ya haɗa wayoyin, ya ɗaure fanel a cikin akwatin, aka kunna. Hoto ya fito, aka gwada shi ta kowace hanya, bai manta wasa ba. Samari suka cika titi da ihu, ni ma ina cikinsu. Malam Iliya kuwa bai tashi ba. Ya ajiye ƙarfen liƙi a hankali, ya juya ya kalli Hamma.

Ya ce, "Bello, ka san fa na riga na haddace lambobin nan."

Hamma ya ce, "Na sani. Shi ya sa na kira ka."